Tsallake layi a Chaina, abun da idona ya gani tun 2009

Jiya da daddare ƙanina ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wata dattijuwa ce 'yar Chaina ta kutsa gaban mutane a wajen yankan tikiti, ana mata magana tana ɗaga murya kamar ita aka zalunta. A ƙasa ya rubuto min, "Yaya wai haka mutanen nan naku suke?" Na fara rubuta masa amsa sai na ga abun ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi a nan gaba ɗaya, tunda dai ba shi kaɗai ke min wannan tambayar ba, duk yaron da zai yi tafiyar farko sai ya zo shago ya tambaye ni.

Ni harkar yadi da leshi nake yi a Kantin Kwari, kuma tun 2009 nake zuwa Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa muke ce wa Gwanzu, sau biyu wani lokacin sau uku a shekara in ka cire shekarun korona. Ina sauka a unguwar Xiaobei kamar yawancin mutanenmu, in shiga kasuwar yadi ta Zhongda, in ta kama in hau jirgin ƙasa zuwa Keqiao can lardin Zhejiang. Kuma duk wanda ya taɓa wannan tafiyar ya san rabin lokacinka a layi yake ƙarewa, layin shige da fice a filin jirgin Baiyun, layin banki, layin tasi, layin tikiti, har lifta ma a manyan kasuwanni sai ka bi layi. Don haka ba labarin ji na ji zan ba ku ba.

Ranar da abun ya fara cin raina ba zan manta ba. Tafiyata ta farko ce, na je tashar jirgin ƙasa yankan tikiti ni da tafintana, wani matashi ɗan lardin Hunan. Mun kusa awa ɗaya a tsaye, saura mutum biyu a gabana, sai na ɗan ja baya na bar fili tsakanina da na gabana, don a tarbiyyar da na tashi da ita ba ka manne wa mutum a jiki musamman in mace ce. Wallahi kafin in ƙifta ido wani mutum da buhun kaya ya shige filin nan. Ban gama mamaki ba wata mata ta biyo shi. Da ƙyar na kai tagar, ina cikin miƙa fasfo sai ga hannu ya ɓullo ta ƙarƙashin hammatata riƙe da kuɗi, mai hannun yana faɗa wa ma'aikaciyar sunan garin da zai je, ita kuma ta karɓa ta ba shi tikiti kamar ba ni a wajen. Jikina har rawa yake. Abun da ya fara zuwa raina shi ne don ni baƙar fata ne suka raina ni.

Tafintan nan ya bari sai da muka fito na huce, sannan ya ce min, "Laoban," wato maigida, haka suke kiran duk wanda ya zo saye, "kai ka fita daga layin ai. A nan in ka bar filin da mutum zai iya tsayawa, ka gaya wa na bayanka ba ka shirya ba kenan." Ya ce in koma in tsaya gefe in kalla na minti goma. Na kalla. Ƙirji a bayan na gaba, jaka a gefe an tokare hanya, gwiwar hannu a buɗe, kuma abun da aka yi min shi suke wa junansu ba sani ba sabo. Ba wai ina cewa babu wariyar launi a Chaina ba, akwai, duk wanda ya ga yanda aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Gwanzu a watan Afrilun 2020 ba zai ce babu ba. Amma wannan na layi yawanci ba shi ba ne, kuma sanin hakan ya rage min zafin zuciya sosai.

Su kansu suna da sunayen abun. Bin layi suna ce masa paidui. Tsallake layi kuma chadui, mutanen Beijin suna cewa jiasai, wato cusa abu inda babu wajensa. In kuma suna so su zagi wanda ya yi sai su ce mei suzhi, kusan kamar mu ce ba shi da tarbiyya, kuma zagi ne mai ciwo a wajensu. To kun ga mutanen da suka yi wa abu sunaye har da zagi ba za a ce ba su san laifi ba ne. Shiga shafukansu na sada zumunta, Weibo ko Douyin, ka gani, 'yan Chaina sun fi kowa caccakar 'yan Chaina a kan wannan ɗabi'ar.

Inda na fara fahimtar tushen abun shi ne a gidan wani mai masana'anta da muka daɗe muna hulɗa, ya gayyace ni cin abinci wata shekara, mahaifiyarsa tana nan, tsohuwa 'yar shekara saba'in da wani abu a lokacin. Hira ta kai mu kan yadi, sai ta tashi ta ɗauko wata 'yar gwangwani ta buɗe, ciki wasu ƙananan takardu ne kamar kan sarki. Ta ce wannan na hatsi ne, wannan na mai, wannan kuma na yadi. Ni da nake loda kwantena da yadi daga ƙasarsu, sai ga shi ana nuna min takardar da in ba ka da ita ko kana da kuɗi ba za a sayar maka da ƙyallen da za ka ɗinka wando ba. Takardar yadi tun 1954 aka fara ta sai ƙarshen 1983 aka daina, ta hatsi kuma daga 1955 har 1993. Ku duba fa, 1993, ba zamanin kakanni ba ne, da yawa cikin masu karanta wannan an haife su. Kuma a tsakiyar wannan lokacin aka yi babbar yunwar nan ta 1959 zuwa 1961 da ta kashe miliyoyin mutane.

Ɗan yana fassara min tana ba da labari. Ta ce takardar ma ba ita ce samu ba, takarda izini ne kawai na ka shiga layi. Ranar da aka ji nama zai zo, tun cikin dare ake fita cikin sanyi, wasu su ajiye bulo ko kwando ko 'yar kujera a matsayin su ne, kamar yanda muke jera jarkoki a bakin famfo. Kuma nama ba ya isa. Kana iya yin awa huɗu a tsaye, saura mutum uku a gabanka a rufe taga a ce ya ƙare, ka koma gida yara suna kallon hannunka. Ta ce wanda ya yi kunya yaransa ne suke kwana da yunwa. Da ta faɗi wannan shiru na yi, don na san me take nufi, ba sai an fassara min sau biyu ba.

Wani abun da ɗan ya ƙara min wanda ya tsaya min a rai, ita kalmar chadui ɗin nan tana da wata ma'ana ta daban. A zamanin Mao, musamman daga ƙarshen 1968, an kwashi matasan birni miliyoyi aka tura su ƙauyuka su yi noma, aka cusa su cikin ƙungiyoyin manoma, shi ma wannan chadui ake ce masa, rubutu ɗaya furuci ɗaya. Yaran da aka cire daga makaranta a lokacin su ne tsofaffin yau da ake ɗauka a bidiyo suna ture mutane a ƙofar bas. Ni dai tun daga ranar in tsohuwa ta ture ni ba na iya ganinta kamar da. Ba na cewa ta yi daidai, ba ta yi ba, wanda aka tsallake shi ma mutum ne da uzurinsa kuma lokacinsa aka ci. Amma na san ba da raini ta fito daga gida ba, tsoro ne ya zauna mata a jiki tun tana yarinya, na cewa in ba ta matsa ba abun zai ƙare kafin a zo kanta, ko da kuwa bas ɗin babu kowa kuma wani yana tafe bayan minti uku.

Sai kuma yawa. Mutum biliyan 1.4 ba wasa ba ne, Gwanzu kaɗai ta haura miliyan 18. Lokacin bikin sabuwar shekararsu akwai kwana 40 da suke kira chunyun, kowa sai ya koma garinsu, ma'aikatan masana'antu da ba sa ganin 'ya'yansu sai sau ɗaya a shekara. A farkon 2008 ƙanƙara ta rufe kudancin ƙasar, wutar jiragen ƙasa ta yanke, dubban ɗaruruwan mutane suka maƙale a dandalin tashar Gwanzu kwana da kwanaki cikin ruwa da sanyi, har aka tattake wata yarinya ma'aikaciya ta rasu, firaministan lokacin Wen Jiabao da kansa ya je tasha da lasifika a hannu yana ba mutane haƙuri. Tafintana yana cikin wannan taron. Ya ce kwana uku ya yi a tsaye, in ka faɗi shikenan. Wanda ya sha wannan shekara ɗaya kafin haɗuwarmu, shi ne yake koya min kar in bar fili a layi.

Gwamnati kuma abun yana damunta, musamman da baƙi za su zo. Kafin gasar Olamfik ta 2008, birnin Beijin ya ware ranar 11 ga kowane wata a matsayin ranar bin layi, an fara ranar 11 ga Fabrairun 2007, wai saboda lamba 11 ta yi kama da mutum biyu a tsaye ɗaya bayan ɗaya. Aka zuba 'yan sa kai da tutoci a tashoshin bas. A babban baje kolin duniya na Shanghai a 2010 wanda mutum sama da miliyan 73 suka shiga, layin rumfar Saudiyya yakan kai awa takwas, har aka riƙa kama masu lafiya garau suna hawa keken guragu don su bi ta ƙofar masu lalura. A 2015 hukumar yawon buɗe ido ta fara saka sunayen masu abun kunya a baƙin littafi. Duk wanda ya girme ni zai tuna mu ma an yi mana irin wannan a 1984, yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, kuma da layi aka fara, soja da bulala a tashar mota. Mun ga yanda ya ƙare bayan an ɗauke bulalar.

Shi ya sa ni a ganina ba tuta ko allon wa'azi ne ya gyara layin Chaina ba, ko da sun taimaka. Abun da ya gyara shi a kan idona ya faru. A 2011 aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasa ta intanet a shafin 12306, daga farkon 2012 kuma kowane tikiti da sunan mai shi da lambar katinsa. Aka shimfiɗa layin dogo na jirage masu gudu da yanzu ya wuce kilomita 40,000, kujerarka da lamba, ko kai ne na ƙarshen shiga ba wanda zai zauna maka. Banki ka shiga inji ya ba ka lamba ka zauna a kujera, ga layin rawaya a ƙasa mita ɗaya daga taga. Gidan abinci ka ɗauki lamba a manhajar WeChat ka tafi yawonka waya ta kira ka, a gidajen abincin Haidilao ma har abun taɓawa suke ba masu jira kyauta. Tagar nan da aka zuro min hannu ta hammata, yanzu in ka je irinta da wuya ka ga mutum goma. Mutum ya tabbatar rabonsa ba zai ƙare ba, to me zai sa ya yi kokawa? Yaran da suka tashi a wannan zamanin kuwa, 'yan shekara ashirin da talatin, wallahi layinsu tsaf, kowa kansa a waya, kuma su ne za ka ji sun ɗaga murya sun ce wa babba ya koma baya.

In wani ya ce maka a jininsu yake, ka ce ya tsallaka Hong Kong, ƙasa da awa ɗaya ne a jirgi mai gudu daga Gwanzu. Yawancinsu asalinsu Guangdong ne, lardin da Gwanzu take ciki, yare ɗaya abinci ɗaya, amma layin bas ɗinsu kamar an ja da igiya. Abun takaicin shi ne wannan bambancin ya zama abun gori, a 2012 har talla aka buga a wata jarida a can ana kiran masu shigowa daga babban yankin Chaina fari, irin farin da ke cinye gona. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan, mu da aka saba yi wa kuɗin goro a filayen jirgin duniya saboda koren fasfo mun san zafinsa.

Ba wai ya ƙare ba fa, kar wani ya je ya ce na yaudare shi. Je ka tashar Tiyu Xilu a layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙarfe takwas na safe. An zana kibiyoyi a ƙasa, lasifika tana ta nanata xian xia hou shang, wato a bar masu sauka su sauka tukun, mutane sun jeru gwanin sha'awa, amma ƙofa na buɗewa sai layin ya narke ya zama turereniya. Lifta ma haka. Wajen awon kayan miya a babban kanti ma haka, sai ka ga an ɗora leda a kan sikeli ta saman taka. Ƙananan garuruwa sun fi manya, kuma ayarin tsofaffi 'yan yawon buɗe ido masu hula iri ɗaya in ka gan su ka ba su hanya kawai.

Wani masaninsu na zamantakewa, Fei Xiaotong, tun a shekarun 1940 ya kwatanta zumuncin mutanensu da dutsen da aka jefa a ruwa, da'ira bayan da'ira, na kusa da kai haƙƙinsa ya fi ƙarfi, yana nisa yana raguwa. Na ga wannan da idona. Mutumin da zai bangaje ka a ƙofar jirgi bai ko waiwayo ba, in ka zama baƙonsa shi ne zai tsiyaya maka shayi da hannu biyu, ya nemo maka gidan abincin Musulmi, ya yi rigima da kai a kan shi zai biya. Kunya da kara suna nan, sai dai na wanda aka sani ne, baƙon fuska a layi bai shiga lissafi ba.

Amma wanda ya fi ƙona min rai ba tsohuwa mai gwiwar hannu ba ce. Akwai wasu da suke kira huangniu, ma'anarsa sa mai ruwan ɗorawa, su ne 'yan bumburutun layi. Su kame lambobin ganin manyan likitoci ko tikiti su sayar da tsada. A watan Janairun 2016 wani bidiyo ya karaɗe ƙasar, wata budurwa da ta kawo mahaifiyarta asibiti a Beijin tana kuka tana ihu, lambar yuwan 300 an ce sai ta biya 4,500. Wannan shi ne tsallake layi na gaske, don ba a ganinsa, ba turewa ba hayaniya, mai kuɗi ya wuce talaka ya kwana a tsakar asibiti. Ita tsohuwa mutum ɗaya ta wuce kuma kowa ya gan ta, shi wannan ɗaruruwa ya wuce kuma ba wanda zai ɗauke shi a bidiyo. An matsa musu da kame da tsarin sa sunan mutum na gaskiya a kowace lamba, amma yanzu wasunsu sun koma amfani da manhaja suna wawashe lambobin a intanet cikin daƙiƙa.

Kuma mu ma in za mu faɗi gaskiya, a daren tashin jirgin Addis ko Alƙahira daga Baiyun, wa ke ɓata layin awon kaya? Mutum ɗaya ya tsaya da amalanke, ana dab da zuwa kansa sai ka ga mutum shida sun ɓullo da ganamasgo, "Alhaji ai tare muke." Na sha yi wa mutanenmu magana a kan wannan, wasu su ji wasu su ce na cika iyayi. Ma'aikatan wajen suna kallo, kuma da shi suke mana hukunci gaba ɗaya kamar yanda ƙanina ya yi musu da bidiyo ɗaya.

Ga mai shirin tafiya, abun da nake gaya wa yarana kenan. Kar ka bar fili, matsa daidai gwargwado, jakarka a gefen da ake shigowa. In an shiga gabanka kar ka taɓa jikin mutum kuma kar ka yi zagi, kai baƙo ne kuma kyamara ko'ina. Ka ce qing paidui, ana furta shi kamar "cing pai dwei", wato don Allah a bi layi, ka nuna baya da hannu. In dattijo ne ka fara da shushu, in dattijuwa ce ayi, kamar ka ce kawu ko inna. Sau da yawa mutum zai yi kamar bai gan ka ba ne tun farko ya koma, don ba ya son idon jama'a. Ka kuma lura akwai tagogin da doka ta ba sojoji da tsofaffi da masu lalura fifiko, an rubuta a sama, kar ka je ka yi faɗa a inda ba ka da gaskiya.

Tafiyata ta ƙarshe ina layin binciken kaya a tashar Gwanzu ta Kudu, layin ya yi tsawo sosai, sai ga wata mata da goyo a gaba da akwati tana haki. Ba ta kutsa ba. Tun daga baya ta fara, mutum ɗaya bayan ɗaya, tana nuna wayarta tana cewa bu hao yisi, a yi haƙuri, jirginta saura minti goma sha biyu. Kowa ya kalli wayar ya matsa, da ta zo kaina ta ɗan tsaya tana tunanin ko zan ji, na ce mata ta wuce da yarensu, wani saurayi ma ya ɗaga mata akwatin ya ɗora a kan injin. Sai wani mutum mai jakar hannu ya bi bayanta sumui sumui kamar tare suke. Bai wuce mutum uku ba wata yarinya mai gilashi ta tare shi da hannu ta ce ya nuna nasa tikitin. Ya fara 'yan kame-kame, mutum biyar suka sa baki lokaci ɗaya, ya juya ya koma can ƙarshe bayan wasu ɗalibai. Na duba agogo, nawa jirgin saura minti arba'in.